Ranar da Na Gurfanar da Furar Inna Talatu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, domin har yau in na je ƙauyenmu sai wata tsohuwa ta tare ni da, "Maraba da hakima, ina kurrasar?" Hakima dai likita ke nan a bakin mutanenmu, kurrasa kuwa littafin rubutun makaranta ne, kuma da tawa kurrasar na kusa kashe sana'ar wata baiwar Allah.

Lokacin ina aji uku a sanawi, wato sakandaren 'yan mata, a Wad Madani, babban birnin yankinmu na Jazira a Sudan. Ni kaɗai ce macen da ta kai can daga ƙauyenmu, kuma wallahi ban bar kowa ya manta ba. Muna da wata ustaza mai koya mana kimiyya, kullum maganarta kada mu karɓi zance sai da hujja. Na haddace maganar, na baro ma'anarta a aji. Abin da ni na gane shi ne, duk abin da tsoho ya faɗa camfi ne, duk abin da na rubuta da biro hujja ce.

Na dawo hutu ana ƙarasa tsinkar auduga, ga zafi kamar a bakin murhu. Mata na fita hawasha tun asuba, wato gonar da aka yanka wa kowane magidanci. Sai ciwon ciki ya faɗo gari, amai da gudawa. Mata bakwai suka kwanta, har da Yaya Rabi, matar wana. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. Ni kuwa na ɗauki kurrasa na bi gida-gida ina tambaya: me kika ci, me kika sha? (Ko "ya jiki" ban tsaya yi ba. Mai bincike ba ta da lokacin gaisuwa.)

Abu ɗaya ya fito a duka shafukan bakwai: furar Inna Talatu. Mijinta ya rasu, da furar nan take riƙe da 'ya'ya huɗu. Kullum da hantsi takan ɗora ƙwarya a ka ta bi gonaki. Na ja layi biyu a ƙarƙashin sunanta, na je bakin rijiya na sanar, cikin Larabcin makaranta don abin ya yi nauyi. Kwana uku ba wadda ta sayi ko dunƙule ɗaya. Da idona na ga ta dawo da ƙwaryar a cike ta juye wa awaki. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara: daɗi na ji. Na ce bincikena ya yi aiki.

A rana ta huɗu aka yi suna a gidanmu, tsakar gida ta cika da mata. Inna Talatu ta shigo shiru ta zauna can bakin ƙofa, ba wadda ta matsa mata tabarma. Wata ta ce in karanto musu abin da na gano. Ai kamar jira nake. Na miƙe, na gyara mayafi, na karanta shafi bayan shafi.

Gwaggo Asabe, yayar babana, tana gefe tana soya kofi a kan gawayi. Ba ta san alifi ba, amma maza ma sukan zo wurinta kafin su zaɓi irin dawa. Ta bari sai da na rufe kurrasa.

"Ɗiyar Madani, matso, kunnena ya tsufa. Su nawa sunka kwanta?"

"Bakwai, Gwaggo. Kuma dukansu sun sha furar."

"Madalla. To su nawa sunka sha ba su kwanta ba?"

Na buɗe kurrasa ina dubawa, sai ka ce amsar za ta tsiro da kanta.

"Ban ƙirga su ba. Su ai lafiyarsu ƙalau, me zan rubuta a kansu?"

"Af! To mu ƙirga yanzu, ga mu a tare. Mata, wadda ta sha furar Talatu makon jiya ta ɗaga hannu, yadda suka yi a madarasa."

Hannuwa suka tashi ana dariya ƙasa-ƙasa. Mai jego ta ɗaga daga bakin ɗaki. Wanzamiya ta ɗaga. Kusan tsakar gidan gaba ɗaya. Ni na ƙanƙame kurrasa da hannu biyu ina kallon ƙasa.

Gwaggo ta dube ni. "Ke fa, hakima? Hannunki ciwo shi kai?"

Kafin in haɗa wata ƙarya, mahaifiyata, wadda ta haife ni, ta ce daga bakin murhu, "Wa? Wannan? Ai ludayi biyu ba ya isarta. Ranar da take jan layin nan ma ƙoƙon furar na gefenta, ni na wanke shi."

Jama'a, dariyar da aka yi sai da jaririn ya farka. Wata ta ce, "Ya salam, hakima ta sha guba ta yi ƙiba!" Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, ƙasar Jazira ba ta tsagewa sai inda ba ka buƙata.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta juya kofinta ta ci gaba, a hankali.

"Bakwai ɗin nan, gonar wa suka tsinka?"

Aka shiga lissafa su da suna. Ashe dukansu a hawashar Malam Sule suke aiki, ta can ƙarshen tur'a, wato magudanar ruwan noma. An riga an rufe ruwa, abin da ya rage a ƙaramin lambatun gonar ya kwanta har ya yi kore.

"Rabi, fura dunƙule Talatu ka kawo maku. Da wane ruwa kuka damawa?"

Yaya Rabi, da ta fara samun sauƙi, ta sunkuyar da kai. Ta ce gonar da nisa, ruwan da suke ɗauka daga gida kafin azahar ya ƙare, sai su ɗebi na lambatun su tace da bakin mayafi. Ni na tambaye ta abin da ta sha. Ban tambaye ta da me ta dama ba.

Nan take na zabura (ban iya zama da kunya shiru ba), na ce, "Shi ke nan, halas, ruwan ne!"

"Kin sake gudu," in ji Gwaggo. "Ban ce shi ne ba, zato nikai. Gobe a kai masu ruwan rijiya bisa jaki, su ci gaba da shan furarsu. In wata ta sake kwantawa, to ni na ɓata, kuma nan zan zo in faɗi da bakina."

Wannan ce ta kashe ni. Ni na zo da amsa ina neman masu tafi, ita ta zo da zato, ta kuma nuna wa kowa hanyar da za a kama ta in ta yi kuskure. Shekara uku ina zaman benci ban ga an yi haka ba sai a gaban kaskon kofi.

Hukuncina ma ita ta yanke. Ni zan ɗauki ƙwaryar Inna Talatu a kaina in bi gonaki da ita, in kuma fara sha a gaban kowa. Da na je ba ta haƙuri, Inna ta ɗora mini gammo ta ce, "Ɗauki dai, ɗiyata. In kin ji tsami ki rubuta." Mako guda ina yawo da ƙwarya, 'yar sanawi guda. Ba wadda ta sake kwantawa, kuma tun rana ta biyu furar ke ƙarewa kafin mu kai gona ta ƙarshe.

Tun daga nan, in wani ya zo mini da hujja mai ƙyalli, ba na kallon Larabcinsa ko kaurin takardarsa. Ina tambayarsa wa ya manta bai ƙirga ba, da abin da zai gani ya yarda ya yi kuskure. In hujjar tawa ce, ina fara duba ko akwai ƙoƙo a gefena.

Kurrasar kuwa, Gwaggo ce ta nema. Ta ce, "Akwai sunan Allah a ciki?" Na ce babu. Ta yage shafukan bakwai ta hura gawayi da su, ta ce takardar Madani dai akwai kyau, nan da nan take kamawa.