Ɗarin Baba da Ɗarin Kaka

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci ƙosai da kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haife ni ba.

Zamanin Turawa ne, muna zaune a Mainika. Baba ya sayar da gyaɗa, ya kira ni ya danƙa mini ɗari, wato rabin kobo, mai huda a tsakiya. "Duk ranar kasuwar Gwarzo zan ba ka ɗaya, ka koyi riƙon kuɗi," in ji shi. "Ranar da ka yi wauta da shi, na daina."

Da gudu na kai wa Kaka ta gani. Ta juya shi, ta leƙa hudar, ta taɓe baki.

"Mijina, wannan ne ɗari? Abu ɗaya tal, kuma ɓera ya ci tsakiyarsa?"

Ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, ta ƙirgo mini wuri ɗari cif. "Ga ɗari na gaskiya."

Kaina ya ɗaure. Wannan ɗari, wancan ma ɗari, amma ɗaya ya cika hula. Muka yi musaya, na fice kafin ta sake shawara. (Wallahi a hanya har tausayinta na ji, wai na cuci tsohuwa.)

A kasuwa na zauna gaban mai ƙosai kamar wani attajiri, na ce a zubo na ɗari. Sai da na lashe yatsu sannan na juye mata hular a faifai.

"Ɗan nan, mene ne wannan?"

"Ɗari ne, Inna."

"Ni ɗari nake so."

"Ai ga shi nan. Ki ƙirga."

Ta kalle ni, na kalle ta. Na ɗauka lissafi ne ba ta iya ba, sai na tsuguna na fara ƙirga mata da ƙarfi. Kafin in kai arba'in mutane sun kewaye mu. Wani tsoho ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ce rabonsa da ganin an yi ciniki da wannan tun yana saurayi. Dariya ta ɓarke, ni kuwa ina ta neman wanda ake yi wa.

Aka kira Baba. Ya biya, ya ce in kwashe dukiyata. A hanya ya bayyana mini cewa da can wuri ɗari ake bayarwa a karɓi rabin kobo, shi ya sa sunan ya bi shi.

"To ai daidai ne ke nan, Baba," na ce.

Baba ya girgiza kai kawai. Daga ranar ƙanwata ce ta riƙa karɓar ɗarin kasuwa, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Mun tarar da Kaka a bakin ɗakinta, baki ja wur da goron da ta saya da kuɗina. "Mijina, an ci riba?"

Shi ya sa har yau, duk wanda ya ce zai ba ni da yawa in ba shi kaɗan, bakinsa nake fara dubawa.