Zambon da Ya Kai Ni Gonar Malam Tanko

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fara ba ni jan waƙa ba, don a ranar na gane murya daban, hankali daban.

Shekara shida ina ɗan amshi a wurin Baba Ilu, makaɗin manoma a Daura. Aikina bai wuce in tsaya bayansa in maimaita abin da ya faɗa ba, sai ɗaukar ganga da sayo goro. Amma a raina na daɗe da yanke hukuncin na fi shi murya. (Har gobe ina ganin haka, faɗa ce kawai na daina.) Waƙoƙin da na tsara da kaina sun cika wayata, ba mai sauraronsu sai ni da akuyar gidanmu.

Sai ga gayyata daga wani ƙauye bayan Zango, bikin naɗin Sarkin Noma. Ana saura kwana biyu mura ta shaƙe Baba Ilu. Ya kira ni ya ce, "Kai za ka ja. In ka fitar da ni kunya, bana zan yaye ka, ka kafa ƙungiyarka. Amma kafin ka buɗe baki, ka nemi sanƙira ya gaya maka wane ne wane a wurin."

Sanƙiranmu shi ya san asalin kowa, da wanda ake shiri da shi da wanda ba a ga maciji. Na ce, "To, Baba." Ban je ba. Me zai gaya mini? Ai na riga na ji a tasha cewa wanda ya nemi sarautar ya faɗi wani Malam Tanko ne, gajere mai jan gemu, wai ciyawa ta cinye gonarsa. A sana'armu, in ka yabi gwani sai ka yi wa abokin hamayyarsa zambo. Ba ka kama suna, ka dai siffanta shi yadda ko makaho zai gane. Kwana biyu na yi ina tsara nawa, ina dariya ni kaɗai.

Bayan la'asar aka cika fili. Yabo ya tafi lafiya lau, har ana manna mini kuɗi a goshi. Nan kaina ya kumbura. Na ɗaga wa makaɗa hannu, na saki:

"Gajere mai jan gemu, ina ka baro fartanya?
Ciyawar gonarka ta fi gero tsawo,
Zomo ya yi aure a ciki, har ya yi suna."

'Yan amshi ba su amsa ba. Na ɗauka ba su ji ba ne, sai na ƙara murya na maimaita. (Wallahi maimaicin nan ya fi komai ci mini rai.) Ganguna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na dubi shimfiɗar manya. A hannun daman Sarkin Noma, ƙwaryar furarsu ɗaya, ga gajere nan da jan gemunsa. Ashe sun shirya tun watan jiya, har an sa ranar 'yarsa da ɗan Sarkin Noma. Motar da ta ɗauko mu ma ta Malam Tanko ce.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam Tanko ya taso a hankali, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, muryarka da daɗi. Ka taɓa zuwa gonar tawa?"

"A'a, Baba."

"To, bai kamata mawaƙi ya yi shaidar abin da bai gani ba. Gobe da safe ka zo da fartanya, mu nemo zomon nan tare."

Fili ya tuntsire da dariya. Baba Ilu, wanda ya biyo mu yana zaune gefe, da shaƙaƙƙiyar muryarsa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam. Kwana uku zai yi."

Kwana uku na yi kuwa, tafin hannuna duk bororo. (Tsakani da Allah ciyawar akwai ta, 'yan tasha ba su yi ƙarya ba.) Da na koma Daura, Baba Ilu ganga kawai ya miƙo mini ya aike ni sayen goro. Shekara biyu na ƙara a bayansa ina amshi.

Yanzu ina da ƙungiyata, kuma duk kaka Malam Tanko na aiko mini da damin gero, da saƙon cewa zomo na gaishe ni. Ni kuma abin da nake fara koya wa 'yan amshina shi ne: gonar da ba za ka iya nomewa ba, kada ka sa ta a waƙa.