Kibod ɗin da Ya Rasu da Lafiyarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka gaji da kallon gilashin kwamfuta, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki mazauna unguwar fatakenmu ta Xiaobei da kewaye rasuwar kibod ɗin Sharfaddeen Kallamu, wanda aka fi sani da Tsoho. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan teburin ofishin Alhaji Ilu, bayan gajeriyar jinya ta wata cuta da daga baya aka tabbatar ba shi da ita.

Asalin marigayin ɗan ƙasar nan ne da muke zuwa sarin kaya, rubutun da ke bayansa ya shaida. Tun yana sabo aka tafi da shi Kano a kwali, inda ya faɗa hannun marigayi Malam Kallamu, mai buga wa mutane takardu a wata 'yar rumfa kusa da kotu. A can ya yi ƙuruciyarsa yana buga takardun rantsuwa da na neman aiki da koke-koken 'yan fansho. Bai taɓa tona asirin kowa ba. Haruffan da ke kansa tuni suka goge, don haka baƙo ba ya iya aiki da shi, sai wanda ya san gida. A dogon maɓallin nan na ƙasa mai raba kalmomi, ɓangaren dama, akwai wani ɗan kwarmi mai santsi da babban yatsan Malam Kallamu ya yi shekaru yana ginawa. Da Malam ya rasu, uwargidansa Hajiya Jumai ta naɗe kibod ɗin a zani ta ajiye. Ranar da ɗansu Sharfaddeen zai taho karatun kwamfuta, ta saka masa shi a akwati tsakanin yaji da kilishi. Duk sanda ya zauna aiki, yatsansa kan sauka a kwarmin nan daidai wa daida, kuma ba ya ɓoye wa kowa cewa a nan kaɗai yake gaisawa da mahaifinsa.

Muryarsa ba ta ɓuya. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan ƙwam idan an kai ƙarshen layi. Maƙwabtan ofis sun sha kawo ƙara, yau ga shi su ne suke cewa benen ya yi shiru da yawa.

Wajibi ne a bayyana yadda ajalin ya zo, domin ana ta yaɗa maganar da ba haka take ba.

Sharfaddeen ya gama karatu amma bai koma gida ba. Ya zauna a hannun kawunsa Alhaji Ilu, ɗan kasuwar takalma, yana yi masa tafinta. Mutumin da ya karanta cikin kwamfuta har hanji, aikinsa kullum shi ne bin Alhaji da jakar samfur shago-shago a titin masu takalma na Zhanxi Lu, yana ce wa laoban, wato mai shago, ya rage, laoban yana cewa meyo, wato babu. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa. Abin da ya riƙe shi shi ne wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu da yake haɗawa, wadda za ta riƙa raba wutar sola ga shaguna a kasuwannin gida. Bayan an daɗe ana lallashi, Alhaji ya yi masa alkawarin lungu guda a kwantenar da za a rufe ranar Alhamis, da sharaɗi ɗaya: ya ga da idonsa an ba na'urar umarni ta amsa. In ba haka ba, silifas zai cike lungun da su, Sharfaddeen kuma ya ci gaba da riƙe jaka har wata shekarar.

Ga waɗanda ba su san kan abin ba, a cikin na'urar akwai wata ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira maikirokanel. Aikinta irin na fatoma ne: ita ke riƙe da makullan gida gaba ɗaya, ta sauke babbar manhajar kwamfuta a ɗaki guda a matsayin baƙo, ba ta ba shi komai sai abin da aka rubuta mata ta ba shi. Rowar nan ita ce amfaninta, domin ko baƙon ya haukace, wutar mutane ba za ta ɗauke ba. To, baƙon ya tashi lafiya. Ana kunna na'urar, sai rubutu ya yi ta gudu a gilashin laftof ta cikin wayar da ta haɗa su, har ya tsaya inda yake tambayar sunan mai shiga, wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Sharfaddeen ya danna Tsoho, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙwam. Ko harafi ɗaya bai fito ba. Baƙo yana magana ana ji, amma in an yi masa magana ba ya ji.

Abin da Sharfaddeen ya sha a kwanakin nan, Allah kaɗai ya sani. Ya sauya waya. Ya sauya saurin da saƙo ke tafiya a cikinta, sai rubutun ya koma kamar tafiyar kaza, ya mayar. Ya juya bakin wayoyin, mai aikawa ya koma mai karɓa. Ya kashe ya kunna har maɓallin wutar ya fara sanin yatsansa. Ya karanta abin da wasu bayin Allah suka rubuta a intanet shekarun baya, masu irin matsalarsa, waɗanda ƙarshen maganarsu kullum shi ne sun gyara, ba tare da sun faɗi yadda suka yi ba. A duk wannan wahala marigayin bai taɓa ƙin amsawa ba. An danna shi a hankali, an danna shi da fushi, har an kai masa mari sau ɗaya, wanda mai shi ya nemi afuwa a take.

Kowa ya san halinmu idan aka ji babu lafiya a gida. Dubiya wajibi ce, kuma ba a zuwa dubiya da baki rufe. Labari ya bi bene, fataken da ke jiran a ɗora musu kaya suka fara leƙowa. Su dai abin da idonsu ya nuna musu shi ne ana danna wani tsohon kibod marar haruffa, komai ba ya fita, sai kowa ya tsaya a kan Tsoho yana girgiza kai. Mahamadou, bafataken Maraɗi mai sayen fitilu, ya ce a wajensu da esansi, wato fetur, ake wanke irin wannan, take yake miƙewa. Hajiya Fasuma mai kayan gyaran gashi ta ce sanyin garin ne ya shige shi, ita ma gwiwarta tun da ta sauka ba ta sake ta ba. Sharfaddeen ya buɗe shafi a laftof ya nuna musu Tsoho yana rubutu ras. Alhaji Ilu ya yi murmushin wanda ya daɗe a kasuwa, ya ce shi ma samfur a gaban laoban lafiya ƙalau yake aiki, sai an kai shi Kano halinsa ke fita. Sharfaddeen ya ƙara bayani cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa kawu bayani. Bayani irin wannan ba ya kaiwa ko'ina.

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya aike shi Zhanxi Lu karɓo samfurin takalma. Ba mugunta ce ta sa ya aike shi ba. Ya ga ɗan ƙanwarsa ya rame, ido ya faɗa, ya ƙudurta a ransa zai yi masa abin mamaki kafin ya dawo. Dattijon da gwiwa ke damunsa ya ja kujera, ya sa tabarau, ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya da tsinken goge kunne da sifirit. Ya ƙi esansin Mahamadou, ya ce ba a yi wa kayan mamaci wanka da fetur. Da ya ga ruwan ya shige ciki da yawa, sai ya bi da ɗan turarensa mai kyau don ya kori warin. Hajiya Fasuma ta kawo handiraya, na'urar busar da gashi, sabuwa dal daga cikin samfurinta, ta kunna ta a kan mafi zafi don a gama da wuri. Garin neman gira aka rasa ido.

A daidai lokacin Sharfaddeen yana cikin lif a wani benen masu takalma, rungume da kwalaye, yana kallon lambobin hawa don ba shi da abin kallo. Lif ɗin ba shi da huɗu, kamar benaye da yawa a garin nan, daga uku sai biyar. Ya sha ganin haka, amma ran nan gajiya ta sa ya tsaya lissafin banza, cewa wanda ya bi matakala yana ƙirgawa da wanda ya bi lambar lif ba ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa ba. Sai gabansa ya faɗi. Duk harafin da aka danna, akwai wata ƙararrawa da ke kaɗawa a cikin na'urar, kowace da lambarta, kuma sai an gaya wa fatoma lambar da zai kai wa baƙo. Shi ya kwafo lambar daga takardun na'urar, alhali fatoman ba daga nan yake fara ƙirga ba. Tun ranar farko haruffan Tsoho suna isa ƙofar gida suna sallama, fatoma yana tsaye a wata ƙofar yana jiran ƙararrawar da ba za ta taɓa kaɗawa ba.

Ya dawo a jirgin ƙasa kamar ya yi tsuntsuwa. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin turare da ƙaurin roba suka tare shi. Tsoho na kwance a kan tawul, tsaf kamar ba a taɓa aiki da shi ba, maɓallansa sun karkace. Dogon nan na ƙasa ya lanƙwashe ya kumbura. Sharfaddeen ya ɗora babban yatsansa, ya laluba, bai sami kwarmin ba. Ya haɗa shi da laftof ya danna. Babu ƙwas, sai wani ɗan taushi kamar an taɓa ɗanyen ƙullu. Wannan karon da gaske ba ya rubutu.

Alhaji ya ce ai sun yi iya ƙoƙarinsu, ciwon ne ya riga ya ci jiki, kuma har ya sa an sayo sabo a ƙasan bene. Sharfaddeen ya ja kujera. Ya zauna da sabon, mai fitilu kala-kala kamar motar 'yan biki. Alhaji na waya da ejan ɗin kago mai ɗora musu kaya, shi kuwa ya buɗe fayil ya gyara lamba ɗaya, ya sake kunna na'urar. Rubutu ya gudu, ya tsaya, farin layi ya ƙifta. Ya danna, harafi ya fito. Ya ba da umarni, 'yar fitilar da aka haɗa don gwaji ta kama.

Alhaji ya ajiye waya ya matso, fuskarsa cike da farin ciki, warin sifirit bai bar yatsunsa ba.

"Ka gani ko, ɗan nan? Tun farko na ce maka tsohon nan ne. Lungun naka ne, je ka gaya wa masu kago."

Sharfaddeen ya dubi gawar a kan tawul, ya dubi kawunsa da ya yini a sunkuye dominsa. Gaskiyar tana bakinsa, kuma gajeriya ce. Amma faɗinta na nufin ya ce wa dattijon, a gaban Mahamadou da Hajiya Fasuma, ya kashe gadon mijin ƙanwarsa a banza, saura kwana biyu a rufe kwantena.

"Haka ne, Kawu," in ji shi.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka ake amfani da wannan dama a wanke marigayin a takarda, tunda ba a wanke shi da baki ba. Bai taɓa haɗiye harafi ba. Lafiyarsa ƙalau har zuwa hantsin Talata. Laifin na lamba ne, lambar kuma mai shi ne ya rubuta ta.

Ya rasu ya bar ɗan adafta ruwan shunayya da ya daɗe yana haɗa shi da kwamfutocin zamani, wanda yanzu ba shi da sauran aiki a duniya. Ya bar laftof mai giɓi, wanda maɓallansa suka daɗe da zubewa, da wayar da aka zarga kafin shi, da na'urar da ya yi ta yi wa sallama bai ga ranar da ta amsa ba. Ya bar Hajiya Jumai a Kano, wadda ba ta gama waya da ɗanta ba tare da ta tambaya ko yana kula da kayan babansa ba, kuma har yanzu ba a sanar da ita ba. Ya bar Sharfaddeen, wanda ya sami lungunsa a kwantena, ya ajiye jakar samfur, amma babban yatsansa bai daina lalube a kan sabon maɓalli mai santsi ba.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, don ba a yi wa roba. Wanka kuwa an riga an yi masa fiye da ƙima. Za a naɗe shi a zanin da ya zo da shi, a saka shi a kwalin takalmi mai lamba arba'in da biyar, a ɗora shi ranar Alhamis bayan azahar a lungun da aka samu a kan sunansa, ya koma Kano tare da na'urorin. Masu rakiya su haɗu a bakin sito.

Zaman makoki a ofishin Alhaji Ilu ne, shi ya ɗauki nauyin shayi da gurasa. Zai ba kowa labarin yadda ya gano cutar da kallo ɗaya. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa kada ya nuna masa ita. Idan ya ce muku kibod ɗin ne ya yi laifi, ku daure ku ce haka ne. Mai makokin ma abin da ya ce ke nan.