Kwamfutar da Ta Yi Ƙirga a Ƙofar Coci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, da ranar da na tarwatsa bikin Rifkatu a Demsawo.

Rifkatu ƙanwar Malam Bitrus ce, abokin aikina a makarantar da muke koyarwa a Jimeta. Suna cikin waɗanda rikici ya koro daga Michika, kuma babansu bai fito da komai ba sai tsohuwar kwamfutar cinya. Hotunan marigayiya mamansu duk a cikinta suke, babu su a ko'ina kuma. Burin amarya ɗaya ne, a haska su a bango da majigi ranar biki, ta ga fuskar uwarta a wurin.

Matsalar ita ce kwamfutar ta gaji. In ka kunna ta, sai ka je kasuwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina (bidiyo kaɗan na kalla a waya, na naɗa wa kaina rawanin injiniya). Na ce wa Bitrus babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi, a sa mata marar nauyi, ga su nan kyauta. Akwai mai hotuna da launi irin wadda kowa ya saba gani. Amma iyayi ya sa na zaɓi wadda ta fi duka rashin nauyi, mai tashi da baƙin allo da farin rubutu. Ban goge tsohuwar manhajar ba saboda hotunan, don haka in an kunna sai ta tambayi wacce za ta buɗe, tana ƙirga daga goma zuwa ƙasa. Ban ɗauki wannan ƙirgan a bakin komai ba.

Ranar biki na taso daga Yolde Kohi da kwamfutar a jakata, shadda tana ƙyalli. A shekarun nan ba a shiga coci ko masallaci da jaka sai an bincika. Wani ƙato mai gora ya tare ni a ƙofar cocin.

"Malam, mene a ciki?"

"Kwamfutar amarya ce."

"Kunna shi mu gani."

Na kunna, har da juya allon wajen jama'a don su shaida aikina. Baƙi ƙirin. Farin rubutu ya fito. Goma. Tara. Takwas.

"Yana ƙirga! Jama'a, abin yana ƙirga!"

Innalillahi! Ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. 'Yan zumuntar mata suka zubar da tulunan kiɗansu. Ango ya haura katanga da kwat ɗinsa. Wani ya kwarma ihun bam, kuma a nan ne abin kunyar yake: ni ma na saki kwamfutar na ruga. Wallahi na ɗauka wani bam ne daban ake nufi (ni da na san abin da ke ƙirgan, ni na fi kowa gudu). Gudun ne ya tabbatar musu da zarginsu. Ƙaton nan ya cim mini, ya danne ni a bakin kwata, gwiwarsa a bayana.

Daga nan ƙasa, kuncina a cikin yashi, na ga mutum ɗaya yana tafiya wajen da kowa ya gudo. Baban amarya ne. Ana yi masa ihu, bai ko waiga ba. Ya sunkuya ya ɗauki kwamfutar, ya share ta da hannun rigarsa.

"Ku sake shi, malamin makarantar su Bitrus ne," ya ce. "A kaina na ɗauko wannan abu daga Michika. Matana yana ciki. Ba zan bar shi a ƙasa ba."

Na gwammace ƙaton ya ci gaba da danne ni da in tashi in haɗa ido da tsohon nan.

Allon ya tsage, amma Allah Ya rufa asiri, majigi ya karɓa. Aka haska mama a bango tana dariya a ƙofar gidansu, Rifkatu ta yi kuka har kwalliyarta ta ɓaci. Ni kuwa a kujerar ƙarshe na zauna, ina warin kwata.

Har yau ina gyara wa mutane tsofaffin kwamfutoci, amma mai launi nake sa musu ko da za ta ɗan yi jinkiri, kuma ƙirgan nan nake fara kashewa. In an ba ni amana kuwa, nakan tambayi kaina ko zan riƙe ta in an yi ihu.