Nomau da Ƙaiƙayin Karara

A ƙauyen Tungar Gawo an yi wani mutum, Nomau, wanda in ka ce masa tsaya nan, to ko ruwa ake da ƙanƙara nan za ka dawo ka same shi. Shekararsu tara da matarsa Hansai kafin Allah ya ba su 'ya mace. Shi ko ba ruwansa da kunyar 'yar fari, burinsa kawai ya ɗauke ta. Wadda ta zo zaman jego ita ce gwaggon Hansai, Tabawa, mai baki kamar reza.

Wata rana, kwana ɗaya da haihuwa, Nomau ya shiga kurmi saro itacen wankan jego, karara ta zubo masa daga wuya har ƙugu. Wanda ya san karara ya san ƙaiƙayinta ba ya jin bari. Ya dawo yana tsalle yana susa, ya miƙa hannu a ba shi jaririya. Gwaggo ta daka masa tsawa, ta ce ba zai taɓa yarinyar ba sai ƙaiƙayi ya mutu, kuma duk abin da ya taɓa karara kada ya shigo mata gida. Nomau ya fitar da itace, ya fitar da gatari, ya tsaya ya yi tunani, sai ya fitar da kansa. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya zauna.

Wata rana Gwaggo ta leƙo ta ce ya shafa toka. Ya tafi murhun mai ƙosai, wuta na ci, ya dumbuzo ya yaɓa a ƙirji. Ihunsa har bakin kasuwa. Da ta tambaye shi wane mahaukaci ke shafa toka da zafinta, sai ya turo baki ya ce, "Gwaggo, toka kika ce. Mai sanyi kuwa ban ji ta a bakinki ba."

Wata rana ta miƙo masa kwalbar man kaɗanya, ta ce ya shafa duk inda ke ƙaiƙayi. Ya shafa nasa, sai ya hango akuyar maƙwabta tana goga gadon bayanta da katanga. Ya kamo ta ya mulke ta, ya ƙarasa sauran a kan jakin mai unguwa. Gari ya yi ta dariya. Hansai ta aiko masa ya shigo haka nan, ba shi Gwaggo ke nufi ba. Ya ce magana ɗaya ce, an riga an faɗe ta. Amma duk sanda jaririya ta yi kuka ya jiyo ta bayan katanga, sai ransa ya ɓaci, ya sunkuyar da kai.

Wata rana, ranar suna ke nan da safe, Barmo wan Hansai, mutum mai ji da kai, ya iso da damin ganyen da za a yi mata wanka da shi. Nomau ya tambayi inda ya yanko, ya ce a kurmi. Sai Nomau ya kwanta ya tare ƙofa. Barmo ya ce ya duba, babu ko karara ɗaya a ciki. Jama'a sun taru, liman na jira, kowa na ba Nomau baki.

Nomau ya ce, "Yaya, sai dai ka taka ni. Ganyen nan ba zai wuce ba."

Barmo ya fusata. Don ya kunyata shi gaban mutane, ya zaro ganyen ya goga a wuya da damtse. Nan take ya fara susa, ya yi jifa da hula, ya tuɓe babbar riga. Dariya ta tashi, sai kuma ta mutu, don kowa ya tuna da ganyen nan za a fyaɗa wa mai jego ruwan zafi a jiki, ita kuma ta rungumi jaririya ta ba ta nono.

Gwaggo, wadda ba a taɓa jin ta sassauta murya ba, ta sassauta, ta ce wa Nomau ya shigo. Ya girgiza kai, ya ce ƙaiƙayi dai ya mutu, amma taɓa karara ya riga ya taɓa. Ta dube shi, ta koma ciki, ta fito da yarinyar naɗe a zane ta ɗora masa a hannu, nan kan buhunsa. Nomau ya rungume ta, hawaye na zuba, bai ko goge ba.

Can ya ɗago ya ga Barmo na birgima a ƙasa, ya ce, "Yaya, toka. Mai sanyi."