Fitilar Shanun Hammadu da Rimot ɗin Mai Girma

Jama'a, Laraba uku da suka wuce, da la'asar sakaliya, na kwanta a gonar dawar wani bawan Allah, ni da babur ɗina da jarkar man gyaɗar uwargida Furera, kuma ba wanda ya ture ni. Na taso daga Gwarzo zan nufi Kabo, gab da Garo sai na hango fitila tana walƙiya a bakin titi, ja da rawaya, irin ta motocin manya. Kun san tarbiyyar da aka yi mana. Talaka in ya ga wannan fitila ba ya tambaya, hanya yake bayarwa ko da za ta kai shi rami. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na karkata kan babur na faɗa gona, na miƙe na dunƙule hannu ina jinjina, ina jiran jerin gwanon motoci.

Sai ga shanu. Goma sha huɗu, suna tsallaka kwalta a natse. A bayansu wani dogon mutum, sanda a kafaɗa, wani ɗan baƙin abu a tafin hannu.

"Malam, wa kake wa jinjina?" in ji shi.

"Waccan farar," na ce, ina kaɗe ƙasa. "Na ga ta fi sauran kwarjini."

Sunansa Hammadu. Iyayensa makiyaya ne, shi kuma ya zauna yana noma da 'yan shanunsa. Gidansa na gefe guda na titi, ciyawa da ruwa na ɗaya gefen, kwalta ta ratsa burtalin da shanu ke bi tun kaka da kakanni. Safe da yamma sai sun tsallaka. Bara wata mota ta kashe masa saniya mai ciki. Ya je wani ofishi ya roƙi a sa allo, a yi ɗan tudun rage gudu. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Mai shanu ya koma jiran gawon shanu.

Da ya gaji ne ya tafi wurin Maikuɗi, mai gyaran wayar mota a Gwarzo. Maikuɗi ya sa aka jawo wata matacciyar a-kori-kura aka ajiye a bakin burtali. Ya ɗaura mata fitilun gargaɗi a ka, ya sa batir da ɗan farantin sola, sannan ya haɗa wani ɗan akwati kamar na ashana, wanda suke kira rile. Aikinsa ɗaya: in ya ji saƙon rimot, wato ɗan baƙin abin nan na hannun Hammadu, sai ya saki wuta zuwa fitila, in ya sake ji ya tsinke. Ba waya tsakaninsu, iska ce ke kai saƙo. Hammadu yana can bayan garke zai danna, fitila ta kama, direbobi su taka birki suna zaton wani babba ne a gaba. In saniyar ƙarshe ta haye, ya sake dannawa. Na ji wa Hammadu daɗi ƙwarai, har na yafe masa man gyaɗar da ya zube. Furera dai ba ta yafe ba.

To, abu in ya yi kyau a ƙasar nan ba ya rasa uba. Ana nan sai Mai Girma, Garkuwan Alkawari, Sarkin Yanka Zare, ya biyo hanyar, direbansa ya taka birki saboda shanu. Aka ce da farko ransa ya ɓaci, wai wa ya ba dabba fitilar manya? Sai wani mai hangen nesa a cikin motar ya tuna masa cewa zaɓe na tafe.

Ran Asabar aka yi bikin ƙaddamarwa, ni ma na je don kada a ba ni labari. An shafe a-kori-kura da fenti, har tayar da ba iska. An kafa allo mai hoton Mai Girma wanda ya fi motar girma. Rumfuna, kujeru, maroƙa, shinkafa. Abin da aka ci a ranar ya isa a yi tudun rage gudu daga nan har Lakwaya. Mai Girma, Allah ya ƙara masa basira, ya bayyana cewa ya daɗe ba ya barci saboda tunanin shanun talakawa. Ba a ambaci Maikuɗi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka karɓi rimot daga hannun Hammadu, Mai Girma ya danna, fitila ta kama, aka yi tafi. Sannan ya zura rimot ɗin a aljihun babbar riga, ya shiga mota.

Hammadu ya bi shi a guje. "Ranka ya daɗe, abin kunnawar."

Wani ƙato ya tare shi. "Kayan hukuma ne yanzu, Baba. In kana buƙata ka rubuto takarda."

Kwana huɗu fitila na bakin titi, rimot na birni. Hammadu ya koma tsayawa tsakiyar kwalta yana kaɗa jan ƙyalle. Ran na huɗun wata tifa ta shafi gindin farar saniyar nan, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Na same shi zaune a kan dutse, ya yi tagumi, ya ce shi dai ko ya sayar da su ne ya huta. Nan kam dariya ta ɗauke mini, raina ya ɓaci. Na ce ya hau babur mu je Gwarzo.

Maikuɗi ya saurare mu yana cin rake, bai ko ɗaga kai ba.

"Shi ke nan matsalar? Ai rile ba ya sanin mai girma. Wanda aka koya masa shi yake bi."

Ya biyo mu da sabon rimot. Ya buɗe ɗan akwatin, ya danne wani maɓalli a ciki har ya manta tsohon, ya koya masa sabo. Ko rakensa bai gama ba.

"Na wurin Mai Girma fa?" na tambaya.

"Ya yi kyau a jikin mukulli."

Shekaranjiya da yamma Mai Girma ya dawo da baƙi daga birni don su ga aikinsa. Maƙwabcina Malam Dalhatu yana wurin, shi ya ba ni labari. Mai Girma ya fito da rimot ya danna, shiru. Ya sauya hannu, ya ɗaga sama, ya buga shi a tafin hannu, shiru. Gumi ya fara karyo masa. Daidai lokacin shanu suka iso bakin titi, Hammadu ya sa hannu a aljihu. Fitila ta kama. Baƙi suka yi tafi, Mai Girma ya washe baki. Sai ya danna don ya kashe ta su wuce, fitila ta ce ba ta san zancen ba. Haka motoci tara suka tsaya cak har saniya ta goma sha huɗu ta haye, ita kuwa ba ta sauri.

"Ban ji daɗi ba," in ji Malam Dalhatu. "Dattijo yana ta danna abu a gaban mutane, ashe makunnin na aljihun wani."

Na ce, Malam, bar shi ya ɗanɗana. Mu shekara nawa muka yi muna dangwala ƙuri'a?