Rigar Sanyin da Na Ɓoye

Shekara ashirin ina dakon ƙanƙara a kasuwar kifi ta Jidda. Da ɗan kafilina, wato ɗan ubangidana, ya ce in raka shi Pakistan nazarin ƙanƙarar kan duwatsu, ban ji ɗar ba. Matata Hajara ta sayo mini rigar sanyi a kasuwar Sharafiyya. Na cusa ta ƙarƙashin gado, na ce, "Ni za a koya wa ƙanƙara?"

A kan dutsen haƙorana suka yi ta kaɗawa, har aka naɗe ni da mayafin wata tsohuwa, aka ɗauki hoto.

Da na dawo Hajara ta ga hoton, ba ta yi faɗa ba. Amma duk sanda mukayyif, wato iyakwandishan, ya sanyaya ɗaki sai ta ce, "Alhaji, a kawo mayafi?"

Bara ta rasu. Yanzu jikoki ke tambayata, da irin muryarta. Nakan ce su kawo.